Tabawa Mai Dambu da Ƙafar Ɗan Farinta

Duk wanda ya taɓa tsayawa jiran taksi da hantsi a Banifandou, wajen masu sayar da itace, ya san Tabawa ko da bai san sunanta ba. Ita ce siririyar tsohuwar nan mai baƙin zane da ƙatuwar robar dambu, wadda ba ta yi wa mai saye murmushi, amma kuma ba ta taɓa tauye masa mai ba. Zabarmawan unguwa sukan taya ta ciniki da harshensu, ita kuma ta mayar musu da gurgun Zabarmancinta, wanda duk shekarun da ta yi a Yamai ba su miƙar da shi ba. Ba'adara ce, kuma ko ka manta, da ta buɗe baki za ka tuna.

Ba yawon duniya ne ya kawo ta birni ba. Fari ne ya koro su daga ƙauyensu na ƙasar Tahoua, a zamanin mulkin sojan farko, shekarar da gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye. Ta taho da mijinta Bawa da jaririya a goye. Ɗansu na fari, Alu, an bar shi wurin kakarsa, domin dama tun da aka yaye shi can yake, kamar yadda ake yi wa ɗan fari. A kan hanya, suna saman babbar mota cikin buhuna da awaki, wani ƙarfe ya yanki Bawa a ƙwauri. Ba wani yanka ba ne na a zo a gani. Wani abokin tafiya, don tausayi, ya ga ƙudaje sun dame shi, sai ya naɗe masa wurin da leda ya ɗaure da roba tam. Da suka iso Yamai aka kwance, sai da mutane suka ja da baya. Bawa bai ga ƙarshen sanyin shekarar ba.

Daga ranar nan Tabawa ta riƙe abu guda a ranta, ta kuma riƙe shi da ƙarfi: miki mai rai ne, iska yake so. Wanda ya toshe wa miki hanci, ya haƙa wa mai shi rami. Da wannan karatu guda ɗaya ta zama likitar yaran layinsu. Yaro ya faɗi ya goge gwiwa, ko kwalba ta yanke shi, wurinta ake kawo shi. Ta wanke da ruwan gishiri mai ɗumi, yaro yana ihu tana ce masa ai ba yanka shi ake ba, sannan ta zaunar da shi a inuwa ta ba shi mafici ya kori ƙuda da kansa. Galibi kuma suna warkewa, don haka ba wanda ya taɓa samun dalilin yi mata gardama.

Alu ya zo Yamai bayan rasuwar kakarsa, yana ɗan saurayi mai dogon wuya. Ya tarar da uwa irin ta mutanen da, wadda ta ɗauki kunyar ɗan fari kamar farilla. Ba ta kiran sunansa. Ba ta haɗa ido da shi. In yana tsakar gida ta shige ɗaki, in ya gaishe ta sai ta amsa tana kallon tukunya. Da yana yaron mota, sunansa a bakinta «wancan». Da ya zama direba ya samu ƙarin girma, ya koma «mai kamyo», wato mai babbar mota. Matan gidan haya, waɗanda yawancinsu sun daɗe da sassauta wannan al'ada, sukan tsokane ta.

«Inna, wai ya sunan direban nan ne? Mun manta.»

«Ku tambayi wanda ya raɗa mai,» in ji ta, ba ko alamar dariya.

Amma kowa a gidan ya san kwanon da ake zuba wa saman dambu, inda mai da albasa suka taru. Kowa ya san wadda ba ta iya cin abinci in motar Alu ta yi latti. Shi ma Alu ya sani, bai kuma taɓa neman fiye da haka ba. Ya yi aure, matarsa Balkisa ta haifa masa yara, Tabawa ta rungume jikokin ta zuba musu duk abin da ta hana ubansu, har da goyo da sumba da zagin wasa.

Haka rayuwa ta yi ta tafiya har shekarar da damina ta sake yin ƙarya, soja kuma suka sake karɓar mulki. A Yamai an ji harbi da rana, kafin magariba kowa ya koma neman abin da zai ci. Tabawa ba ta ma rufe robarta ba. Ta ce ta ga sojan farko, ta ga na tsakiya, duk cikinsu ba wanda ya taɓa sa hadari ya taso. Abin da ya fi damunta shi ne baƙin fuskokin da suka fara cika bakin titi, mata da ƙorai da yara, irin fuskar da ita ma ta shigo da ita birnin nan. Irin waɗannan ba ta auna musu da ludayi, da hannu take ɗiba.

Alu yana cikin direbobin da suke kai hatsi Arewa. Wata rana yana dawowa, sai ga saniya kwance a tsakiyar hanya, yunwa ta hana ta tashi ko da ƙahon mota ya cika mata kunne. Ya kauce mata, motar ta kife. Allah ya tsare ransa, ƙashi ma bai karye ba, amma ƙarfen ƙofa ya kwashe naman ƙwaurinsa na dama, har ana ganin farar jijiya a kwance. Ƙafar da yake taka mota da ita ke nan, ita ce kuma take ciyar da gida biyu.

Aka kwantar da shi a wata likita, wato asibiti, cikin gari. An wanke, an ɗaure, an sake wankewa, miki ya ƙi haɗuwa. Sai lokotoro, wato likitan da ke duba shi, ya ce akwai wata dabara da za a gwada kafin a yi maganar yanke ƙafa. Wasu baƙin likitoci da suka taɓa zuwa aiki sun bar kwali guda na wani irin soso, an kuma koya wa majon ɗakin yadda ake sa shi. Majon nan, wato shugabar masu jinya, sunanta Ramatou, Bazabarma ce doguwa mai faɗa da saurin sauka, wadda hannunta ya fi bakinta taushi.

Ramatou ta yanka farin soso mai laushi daidai faɗin mikin, ta shimfiɗa shi a kan jijiyar, don shi ba ya manne wa nama mai rauni. Ta ɗora baƙi mai manyan ƙofofi a samansa, ta sa siririn tiyo, sannan ta lulluɓe duka da wata leda garai-garai mai danƙo, ta bi gefenta da yatsa tana dannawa. Ta haɗa tiyon da inji mai tsotsa. Da aka kunna, sai soson ya tsuke ya lafe a cikin mikin, ruwa ja-ja ya fara bin tiyo yana ɗiga cikin kwalba. Ta yi wa Alu da Balkisa bayani dalla-dalla: injin yana janye ruwan banza, yana jawo sabon nama, amma fa sharaɗinsa guda, kada iska ta samu hanyar shiga ko ta ina.

Kowa ya ji wannan bayani ban da Tabawa. Ina za ta ji? Tun ranar da aka kwantar da Alu ta bar wa maƙwabciya robar dambu ta zo ta shimfiɗa tabarmarta a baranda, ƙarƙashin tagar ɗakin, inda za ta ji tarinsa ba tare da ta gan shi ba. Ita ke dama kunu, ita ke wanke zannuwa, amma ƙafarta ba ta tsallake bakin ƙofa. Ranar da aka sa soson ma ta tafi famfo ɗebo ruwa. Da ta dawo ta miƙa wa Balkisa butar ta taga, sai idonta ya faɗa kan ƙafar.

Leda. Leda ce a manne, ba ko ƙofar da tururuwa za ta bi.

Ta zauna a kan tabarma ba da niyya ba. Warin ranar da aka kwance ƙafar Bawa ya dawo mata a hanci kamar jiya aka yi. Ta ji tsoro irin wanda ba ta taɓa ji ba tun zuwanta birnin nan.

Da yamma ta ɗan taɓa maganar. «Balkisa, wagga leda da anka liƙa ma mai kamyo, yaushe za a ɗebe ta?»

«Sai bayan kwana biyu ko uku, Inna, su sa wata. Aikin likita ne, sun ce kada a taɓa.»

Tabawa ta koma kan tabarmarta. Ba ta saba jayayya da masu farar riga ba, kuma uwa mai kunya ba ta tsayawa gaban mutane tana kare ɗan fari, sai a ce ta zubar da girma. Amma shirun Tabawa ba yarda ba ce, duk wanda ya zauna da ita ya san haka.

Lokacin bazara ne, zafin Yamai yana dafa mutum a tsaye. Da azahar ɗakin yakan mutu murus. Balkisa ta tafi gida duba yara da kawo abinci, masu jinya sun tafi salla, marasa lafiya sun yi laushi kowa ya rufe ido. A wannan lokaci Tabawa ta leƙa, ta ga Alu ya juya fuska bango yana numfashi a hankali. Ta tuɓe takalmi ta shiga. Ta zaro allurar da kullum take soke a gefen kallabinta. Ta ɗora tafin hannunta na hagu a kan gwiwarsa don ƙafar ta tsaya, ta ji ɗumin jikinsa, abin da rabonta da shi tun yana shan nono. Sannan ta bi gefen soson da allura, tana huda ledar ƙanana-ƙanana, a jere, kamar mai ɗinkin hula.

Ta kara kunne, ta ji wani ɗan siririn sauti, tsss. Soson da ya tsuke ya fara ɗagowa a hankali.

«Alhamdu lillahi,» ta faɗa a ranta. «Ya yi numfashi.»

Ta ɗan ƙara barin hannunta a gwiwar fiye da yadda aikin yake bukata, sannan ta fita ta koma tabarmarta. Ranar ta ci abinci har da ƙari.

Da Ramatou ta dawo zagaye ta tarar soso ya kumbura, kwalba ba ta ƙaru ba. Ta ɗora laifin kan gumi, ta bi gefen ledar ta ƙara liƙi. Da aka canza soso abin ya sake faruwa, sai ta ɗora kan kuran, wato lantarki, tunda a lokacin wuta tana ɗaukewa ba sallama. Ta sa aka matsar da gadon kusa da layin da janareta ke ba wuta. Aka sake canzawa, aka sake tarar da iska ta shiga. Mikin kuwa maimakon ya yi ja, sai ya yi fari-fari ya bushe a gefe, ya fara ɗan wari. Ba wanda ya kawo Tabawa a ransa. Wa zai zargi matar da ko sunan mai ƙafar ba ta iya faɗa, balle ta kusanci gadonsa?

Ita kuma da ta ji ana cewa mikin bai yi kyau ba, sai ta ce ai dole, iskar da take ba shi ba ta isa ba. Ta ƙara yawan hudar.

Ranar da lokotoro ya zo ya duba da kansa, ya daɗe yana kallon ƙafar. Sannan ya tambayi Ramatou abin da ya rage a kwali. Ta ce farin soson saura na sawa biyu, in an yi tattali. Ya ce to, a sa ɗaya. In aka buɗe ba a ga jan nama ba, ba zai bari ruɓa ta haura gwiwa ba, za a yanke. Ya faɗa a hankali, amma tagar a buɗe take.

Bayan fitarsa Ramatou ta ɗauki tsohuwar ledar da ta ɓare za ta jefa a bokiti, sai ta tsaya. Ta ɗaga ta saitin hasken taga. Rana ta ɓullo ta cikinta ɗigo-ɗigo, a jere reras.

«Wannan ba gumi ba ne,» in ji ta. Muryarta ta tashi. «Wannan ba kuran ba ne. Hannun mutum ne! Balkisa, ke ce kike kwana kike wuni a nan. Me na ce miki ranar farko?»

Balkisa ta dafe ƙirji. «Ni, Majo? Wallahi ban taɓa ba. Ƙafar uban 'ya'yana zan huda?»

«To aljanu ne? Aljanu masu allura?»

Balkisa ta fashe da kuka. Sauran masu jinyar 'yan uwansu suka miƙo wuya. Tabawa tana ƙarƙashin taga, carbi ya tsaya cak a hannunta. Kafin ta motsa sai ta ji muryar Alu, a ƙasa-ƙasa.

«Majo, ki bar ta. Ni na yi.»

«Kai?»

«Ni ne. Ƙaiƙayi yake mini, sai in ɗan sosa da tsinke.»

Ƙarya ce da ko yaro ba zai yarda da ita ba, don mutumin da ke kwance ba ya huda ƙwaurinsa a jere haka. Amma Tabawa ba ƙaryar ta ji ba. Abin da ta ji shi ne ya sani. Ya san mai allurar, ya kuma zaɓi ya ɗauka a kansa.

Ramatou ta ja kujera ta zauna, faɗan ya sauka kamar yadda ya saba, ya bar gajiya. «Alu, kai Bahaushe ne, an taɓa yi maka ƙaho?»

«An yi, Majo.»

«In wanzami ya kafa ƙaho ya tsotse iska, me yake yi wa ɗan bakin nan na sama?»

«Toshewa yake.»

«In bai toshe ba fa?»

«Ƙahon ya faɗi. Ba ya jan komai.»

«To wannan ma ƙaho ne, sai dai inji ke tsotsa ba baki ba. Ledar da ake ɗaure miki da ita a bar ruwa ya kwanta a ciki, ita ce mai ruɓar da ƙafa, na sha gani. Wannan kuwa ruwan ba ya kwana, fita yake ta tiyo. Duk huda guda da aka yi, an kayar da ƙahon ke nan, an bar soso a cikin miki yana shan datti.»

Tabawa ta san ƙaho. Ubanta duk shekara sai an yi masa, tana yarinya ita ke riƙe ƙwaryar ruwa. Ta ga yadda wanzami yake liƙe bakin da ɗan danƙo, fata ta tashi ta cika ƙahon. Maganar ta shige ta kai tsaye, ba ta sami inda za ta maƙale ba. Ashe duk azahar ɗin nan da take komawa tabarma da farin ciki, ƙafar ɗanta take turawa bakin wuƙa. Ta ji kunya, ta ji baƙin ciki, ta kuma ji haushin kanta. Shekaru tana riƙe da gaskiya guda, ba ta taɓa tunanin gaskiyar tana da iyaka ba.

Ta miƙe, ta gyara ɗaurin zane. Ta shiga ɗakin da takalminta, ido biyu, gaban kowa. Balkisa ta daina kuka don mamaki. Tabawa ta zare allurar daga kallabi ta ajiye a kan teburin ƙarfe, kusa da almakashin Ramatou.

«Majo, ga tsinken. Yarinyar ga ba ta da laihi, mai kamyo ma ƙarya shikai. Ni ce. Na ga leda, na tuna wata leda.»

Ramatou ta dubi tsohuwar. A taƙaice Tabawa ta ba ta labarin Bawa, tana kallon bokiti.

«Kala suuru, Inna,» in ji Ramatou daga baya, wato sai haƙuri. «Laifina ma da shi. Na yi wa na cikin ɗaki bayani, na manta da ta bakin taga.» Ta ɗan yi tunani. «Amma tunda hannunki ya iya hanyar ƙafar nan, ba zan bar shi ya zauna banza ba. Zafin nan yana sa gumi ya ɗaga gefen ledar, ni kuma ina da gadaje da yawa. Ina son wanda zai zauna ya sa ido. Soso ya tsuke, lafiya. In ya fara ɗagowa, a bi gefe da tafin hannu a danna har ya kama, a aiko a kira ni. Za ki iya?»

Tabawa ta dubi ƙofa, inda tabarmarta take. Ta dubi mutanen ɗakin da suka zuba mata ido. Zama a gefen gadon ɗan fari, rana tsaka, hannu a jikinsa, a garinsu abin a yi shekara ana ba da labari ne.

«A kawo kujera,» ta ce.

Aka kankare mikin, aka sa sabon soso, fari a ƙasa baƙi a sama, aka liƙe. Tabawa ta zauna ta juya wa kan gadon baya, fuskarta wajen ƙafa, yadda ba za su haɗa ido ba. Ta samo wa kunyarta wannan 'yar mafaka, ba wanda kuma ya hana ta. Da mafici a hannun dama tana kore zafi don kada gumi ya taru, hannun hagu kuma yana bin gefen ledar yana lallashi. In wuta ta ɗauke, kafin janareta ya tashi ta riga ta aika an kira majo. Ta koyi kallon kwalba, ta koyi muryar injin, har tana gane lokacin da ya canza numfashi kafin soso ya nuna. Matan da suka zo dubiya daga Banifandou suka gan ta a wurin, suka dubi juna, wata ta fara murmushi. Tabawa ta ɗago ido sau ɗaya, murmushin ya koma inda ya fito.

Ranar buɗewa lokotoro ya zo, Ramatou ta kashe inji, ta jiƙa soson ta ɗaga shi a hankali. Tabawa ba ta fita ba. Ta tsaya riƙe da ƙarfen gado tana karanta duk abin da ya zo bakinta. Da farin soson ya rabu da mikin, sai ga nama ja jawur, ƙwaya-ƙwaya, ya taso daga gefe ya fara hawa kan jijiyar.

Lokotoro ya sunkuya ya duba sosai. «Wannan ƙafa ta mai ita ce,» ya ce. «A sa na ƙarshen, daga nan sai mu yi maganar dasa fata.»

Balkisa ta yi guɗa a cikin likita, Ramatou ta daka mata tsawa tana dariya. Tabawa kuwa ta koma kujerarta ta zauna.

Da azahar ta yi, ɗakin ya sake mutuwa kamar kullum. Alu ya juya fuska bango ya rufe ido. Tabawa tana bin gefen sabuwar ledar da hannu. Tambayar da ta kwana biyu tana cin ta ta ƙi komawa ciki. Ta yi maganar tana kallon kwalba, kamar da ita take.

«Na san ba barci akai ba.»

«Ko da can ma ba barci nake ba, Inna.»

«Tun ranar hwarko?»

«Tun ranar farko.»

«An ji bayanin majo da kunne biyu. An san ɓarna nikai. Mi ya hana a yi magana, ana kallo ƙahwa za ta tahi?»

Alu ya buɗe ido yana kallon bango.

«Na yi ta ce wa kaina 'yan hudar nan ba su kai su yi ɓarna ba,» ya ce. «Na san ƙarya nake. Amma in na buɗe ido za ki fita, Inna. Ni kuwa ban taɓa sanin yadda hannunki yake ba.»

Mafici ya tsaya. Tabawa ba ta juyo ba. Hawaye ya gangaro mata ya ɗiga a zane, ta bar shi, don hannun da za ta share da shi yana kan gwiwar ɗanta, ba ta kuwa ɗauke shi ba har aka kira la'asar.

Alu ya koma mota bayan damina, yana ɗan ɗingishi, da tabo mai faɗin tafin hannu. Tabawa ta koma kan robarta. Yaran layi har yanzu ita ke wanke musu miki da ruwan gishiri, amma in ta ga ya yi zurfi ba ta ba da mafici, sai ta ce a kai wa majo. Allurar tana nan a kallabi, ta koma aikin ɗinke buhu.

Sunansa kuwa har yau bai fito daga bakinta ba, kada ma wani ya sa rai. Sai dai duk ranar da ya dawo daga tafiya ya tsaya gaishe ta a bakin titi, takan matsar da robar dambu gefe ta ce, «A nuna ƙahwa.» Ƙaton mutum mai furfura a gemu ya naɗe wando ya ɗora ƙafa a kan benci, gaban masu jiran taksi. Tabon ya daɗe da warkewa, ba abin da za a duba a wurin, su biyun kuma sun sani. Ita dai ta ɗora tafin hannunta a kai, tana kallon motocin da ke wucewa, masu sayen dambu su yi ta jira.